Yadda Kotu Za Ta Tsara Aikin Tafinta Daga Caji Ofis Har Zuwa Ɗaukaka Ƙara

A Babbar Kotun jiha ko ta tarayya a Najeriya, Turanci ne harshen kotu, kuma da shi alƙali yake rubuta duk abin da ya gudana a gabansa. Idan shaida ya yi magana da Hausa ko Fulatanci ko Tibi, abin da ke shiga kundin shari'a shi ne Turancin da ya fito daga bakin tafinta. Maganar shaidan ta asali ta bi iska. Bayan shekara uku ko biyar, alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara za su zauna da kundin nan su auna kowace kalma a matsayin ta shaidan, alhali ta tafinta ce. In ya yi kuskure, babu inda za a je a gano. Duk wanda zai gyara aikin tafinta a kotu, daga wannan gaɓar ya kamata ya fara tunani.

Abin da doka ta riga ta tanada

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yi maganar harshe a wuri uku da suka shafe mu. Sashe na 35(3) ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Sashe na 36(6)(a) ya ce a bayyana wa wanda ake tuhuma laifin da ake zarginsa da shi dalla-dalla da harshen da yake fahimta. Sashe na 36(6)(e) kuma ya ba shi haƙƙin samun tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba, muddin ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Wannan sashe na ƙarshe shari'ar laifi ya ambata. Ƙarar fili da bashi da gado ba su shiga ciki ba, shi ya sa Babban Jojin jiha yake buƙatar ya cike giɓin da umarnin aiki na kansa.

A Arewa, tsohuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 1960 ta tanadi a rantsar da tafinta, a kuma rubuta sunansa da batun rantsuwar a kundi, a sassa na 241 da 242. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta zo ta ƙara da abin da za a yi a wurin 'yan sanda, jihohi kuma suka bi da nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Doka dai ba ta gaza ba. Abin da babu shi ne ma'aunin da zai ce wane ne ya isa a kira shi tafinta, shi ya sa har yau ake leƙawa baranda a ce, "Akwai mai jin Fulatanci a nan?"

A caji ofis ake fara ɓata shari'a

Sashe na 17 na dokar 2015 ya ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta bayaninsa, ya karanta masa har ya gane, shi mai bayanin ya sa hannu, tafintan kuma ya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa a jikin takardar. Hanyar da ta fi tsira ita ce a rubuta bayanin da harshen da mutumin ya yi magana da shi, kalma da kalma, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan wannan. Sannan a yi fassarar Turanci a takarda daban, mai fassarar ya sa nasa hannun. Ranar shari'a a miƙa wa kotu duka biyun.

Inda ake tuntuɓe shi ne ɗan sanda mai bincike ya saurari Hausa ya riƙa zubawa da Turanci kai tsaye, a ba mutum ya dangwala a kan abin da bai taɓa faɗa da wannan lafazin ba. Na biyu kuma, a kira wani ya yi tafinta a manta da sunansa. Kotun Ƙoli ta sha nanatawa, har a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman a 2012, cewa bayanin amsa laifi da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya karɓuwa sai tafintan ya zo kotu ya ba da shaida a kan abin da ya ji da abin da ya fassara. In babu shi, abin da ɗan sandan ya rubuta ji-ta-ji-ta ne. Don haka mai gabatar da ƙara ya sa sunan tafintan caji ofis cikin jerin shaidunsa tun ranar farko, ya karɓi lambar wayarsa, domin canjin wurin aiki yana raba mutane kafin shari'a ta kai ga sauraron shaidu. Sashe na 15(4) ya buɗe ƙofar ɗaukar bayanin a bidiyo, kuma wayar hannu ma ta isa wannan aikin.

Gano harshen da mutum yake ji da gaske

Kada a tambayi mutum, "Kana jin Turanci?" Zai ce eh, ko don kunya ko don yana jin na kasuwa. Rajistara ko alƙali ya yi masa tambayoyi uku ko huɗu da ba a amsa su da eh ko a'a: ya ba da labarin yadda ya zo kotu yau, ya faɗi aikin da yake yi, ya bayyana da bakinsa abin da ya fahimta ake zarginsa da shi. Minti biyu sun isa a gane.

Haka nan Hausa. Mutane da yawa a Filato da Adamawa da Borno da kudancin Kaduna suna cinikayya da Hausa lafiya lau, amma ba za su iya kare kansu da ita a kan tuhumar kisa ba. Bafulatanin daji da ke gaisawa da Hausa, in aka shiga bayanin wa ya fara zare sanda, Fulatancinsa yake bukata. A tambayi karin harshe ma, domin Fulatancin Adamawa ya bambanta da na Sakkwato, Hausar Maraɗi da Tawa kuma tana da kalmomin da ɗan birnin Kano zai yi musu gurguwar fahimta. Abin da aka gano a rubuta shi a bangon fayil, harshe da karinsa, don a tanadi tafinta kafin ranar zama. Mako guda na sanarwa ya wadatar ga manyan harsuna. Ƙananan harsuna kuwa a ba su mako biyu ko uku.

Wanda bai kamata ya yi tafinta ba

Ɗan sandan da ya binciki ƙarar, da duk wanda zai ba da shaida a cikinta, da ɗan'uwan ɗaya daga cikin masu shari'a, da abokin tuhuma, da yaro ƙarami. Lauyan da ke cikin shari'ar ma kada ya haɗa aiki biyu. A ƙananan harsuna wannan yana wuya, domin masu jin harshen a gari ɗaya sun san juna, wataƙila ma suna da ɓangare a rikicin. Mafita ita ce a ɗauko daga wata ƙaramar hukuma ko wata jiha, ko a haɗa shi ta bidiyo. Kafin rantsuwa alƙali ya tambaye shi a bainar jama'a ko ya san wani a cikin shari'ar, a rubuta amsarsa.

Wannan ba sabon darasi ba ne a Arewa. A farkon shekarun 1960, a shari'ar Ajayi da Hukumar En'e ta Zariya, an yi wa wasu Yarbawa shari'a da Hausa ta bakin tafintocin da aka riƙa kamowa, waɗanda wasunsu ba su ƙware ba, Kotun Ƙoli kuma ta rushe hukuncin. A Ingila ma an ɗaure wata mata, Iqbal Begum, rai da rai a 1981 bayan ta amsa laifin kashe mijinta, sai a 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da ta gano tafintan da aka ba ta ba harshensu ɗaya ba. A 1994 ƙasar ta buɗe rajistar tafintocin ayyukan gwamnati.

Rajista da jarrabawa

Ofishin Babban Rajistara na kowace jiha zai iya buɗe rajista ba tare da jiran sabuwar doka ba. A cikinta a sa suna, harsuna da kare-karensu, matakin ƙwarewa, garin zama da lambar waya, a raba wa kowace kotu kwafi, har da kotunan majistare da na shari'ar Musulunci, domin su ma Bayarabe da Ibo da Bazabarme suna tsayawa a gabansu.

Amurka, bayan dokar tafintocin kotu ta 1978, ta kasa tafintocin kotunan tarayya gida uku: masu shaidar cin jarrabawa, masu ƙwarewar da aka tabbatar ta wata hanya, da masu jin harshe kawai. Wannan rabon zai yi mana amfani, da sharaɗin cewa shari'ar da hukuncinta kisa ne ko ɗaurin rai da rai, 'yan matakin farko kaɗai za su taɓa ta.

Jarrabawar ta zama ta baki, a naɗe ta a rikoda, mutum biyu su duba kowa daban. A ba shi takardar tuhuma ta gaske ya karanta da Turanci yana juyawa zuwa Hausa nan take. A kunna masa tambaya da amsa na minti goma tsakanin lauya da shaida, ya fassara ta kowane ɓangare. Sannan a kunna jawabin lauya na minti biyar ya bi shi da raɗa ba tare da an tsaya masa ba. Tun kafin jarrabawar masu dubawa su ja layi a ƙarƙashin wuraren da za su ƙirga: lambobi, sunaye, ranaku, kalmomin doka, da kowace "ba" ta korewa. Digiri a Hausa ko Turanci ba ya maye gurbin wannan gwajin, domin riƙe jimla uku a ka a sauke su cikin wani harshe ba tare da an zubar da komai ba fasaha ce daban. Sassan harsunan Najeriya na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo suna da malaman da za su iya shirya gwajin tare da alƙalai, Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da ke Abuja kuma ta riga tana horar da ma'aikatan kotu.

A yanke kuɗin zama da na mota a rubuce, a biya cikin wata guda. Tafintan da kotu ba ta biya ba, wani a cikin masu shari'a zai biya shi.

Ranar zama

A ba tafinta takardar tuhuma da jerin sunayen shaidu da na garuruwa tun kafin a shiga, ko da da rabin awa ne. A bar shi ya yi magana da wanda zai yi wa tafinta na minti biyu a gaban rajistara, a kan abin da bai shafi ƙarar ba, don a tabbatar suna jin juna. A rantsar da shi, alƙali ya rubuta sunansa da harshen da cewa an rantsar. In an canza tafinta a zama na gaba, a sake duk wannan daga farko.

Karanta tuhuma shi ne wurin da ya fi kowane haɗari. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Kajubo a 1988 dole a karanta wa mutum tuhuma a kuma bayyana masa ita da harshen da yake ji har kotu ta gamsu, sannan a nemi amsarsa, in ba haka ba shari'ar gaba ɗaya ta rushe. A karanta kowace tuhuma daban, a karɓi amsarta daban. Bahaushe yana cewa "to" ko "na ji" don ladabi, kuma babu ɗayansu da ke nufin ya amsa laifi. Haka wanda ya ce, "Na buge shi, amma shi ya fara zaro wuƙa," bai amsa laifi ba, ya kawo kariya ne. Tafinta ya sauke jimlar duka yadda take, alƙali ne zai yanke abin da za a rubuta.

Tafinta yana magana da bakin mai magana. Shaida ya ce "na gan shi", shi ma ya ce "na gan shi" da Turanci. Da zarar ya koma "wai ya ce ya gan shi", kundi zai cika da "shi" da "shi" har a rasa wane ne wane. In kuma zai yi magana don kansa, ya fito fili: "Ya mai shari'a, tafinta yana roƙon a maimaita tambayar." Kada ya ja shaida gefe su yi ƙus-ƙus don ya gane nufinsa. Ko lauya ya yi tambaya mai ruɗarwa, a juya ta da ruɗaninta. Ko shaida ya yi zagi ko ya yi kwan-gaba-kwan-baya, a juya haka, domin daga irin wannan alƙali yake auna gaskiyar mutum.

Lauyoyi su riƙa tsayawa bayan jimla biyu ko uku, su guji tambaya mai korewa biyu. "Ba kai ne ba ka je ba?" ko a Hausa ma tarko ce, kuma "eh" a bayanta tana iya nufin ya je ko bai je ba. Tafinta ya riƙe takarda da biro don lambobi da sunaye.

Abin da aka fi mantawa shi ne wanda ake tuhuma yana da haƙƙin jin komai, har da gardamar lauyoyi da shaidar likita da hukuncin da alƙali ke karantawa. Tafinta ya zauna kusa da shi yana raɗa masa. Wannan aikin yana cin ƙwaƙwalwa, shi ya sa a manyan taruka tafintoci suke karɓar juna duk rabin awa. Zaman da zai wuce awa biyu a sa mutum biyu, in babu hali a riƙa ba da hutun minti goma a kai a kai. Tafintan da ya gaji ba ya sanin ya fara taƙaitawa.

Inda Hausa take zamewa a hannun tafinta

Dokar Penal Code, wato tsohuwar dokar laifuka ta Arewa, ta raba kisa gida biyu, wanda hukuncinsa kisa ne a sashe na 221 da wanda bai kai haka ba a sashe na 224. In tafinta ya ce "kisan kai" ya yi shiru, mutumin bai san wanne ake tuhumarsa da shi ba. Haka sata da fashi da cin amana da zamba, kowanne da sashensa da hukuncinsa, amma mai ƙara zai iya tattara su duka ya ce "ya ci kuɗina". Tafinta ba shi ne zai zaɓa masa laifi ba. Ya juya maganar a buɗe, lauya ya bi da tambaya.

"Hannu" ya haɗa tun daga yatsu har kafaɗa, "ƙafa" kuma daga tafi har cinya, alhali Turanci ya raba kowanne biyu, kuma rahoton likita zai ambaci wuri takamaimai. A nan tafinta ya nemi izinin kotu shaida ya nuna wurin. "Ɗan'uwana" yana iya zama wanda suke ciki ɗaya, ko ɗan baffa, ko ɗan garinsu kawai, kuma a shari'ar gado wannan bambancin shi ne shari'ar. "Su Audu sun zo" ba Audu kaɗai ba ne. "An buge shi" ba ta faɗi wanda ya buga ba, kuma tafintan da ya cusa "su" ko "shi" a wurin ya ƙirƙiri shaidar da babu ita.

Lokaci ma haka. Mutumin karkara zai ce da hantsi, ko bayan la'asar, ko da almuru, ko kwana biyu kafin Babbar Salla. A bar su yadda suke, kada a mayar da su ƙarfe kaza. "Kwana biyu" kanta sau da yawa tana nufin an ɗan jima. Kuɗi kuwa, shaidan da ya fito daga Nijar yana ƙirga da dala, kowace dala sefa biyar, don haka dala ashirin sefa 100 ce, jaka kuma sefa 1,000. A bakin dattijon Kano jaka naira 200 ce. A shari'ar kan iyaka, irin ta Jibiya ko Maigatari ko Illela, a tambayi kuɗin wace ƙasa ake nufi kafin a rubuta adadi.

Sai kunya. Mace ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, za ta ce "maigidan" ko "shi yaron". A ƙarar fyaɗe yarinya za ta ce "ya ɓata ni" ko "ya yi lalata da ni", doka kuma tana neman a san ainihin abin da ya faru. Tafinta ya juya lafazinta, ya sanar da kotu cewa sakaya ce, a bar mai gabatar da ƙara ya tambaya a hankali. A irin wannan shari'ar a nemi tafinta mace in da hali. Kowace jiha ta tara irin waɗannan kalmomi a ƙaramin ƙamus na kotu, alƙalai da malaman harshe su amince da shi, don kada "beli" da "ɗage zama" da "sallama" da "wankewa" su riƙa canza ma'ana daga kotu zuwa kotu. Wanda aka sallama kawai ana iya sake kamo shi a kan laifin, wanda aka sallama aka kuma wanke ya fita ke nan, kuma ya kamata ya san wanne aka yi masa kafin ya bar kotu.

Kurame

Dokar Shaida ta 2011 ta yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida da rubutu ko da alama a buɗaɗɗiyar kotu. Sai dai maganar hannu ba ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame ta samo asali daga ta Amurka, kuma ta bambanta da maganar hannu ta ƙasar Hausa da kurame suka gada a tsakaninsu. Kurman da bai shiga makaranta ba, malamin makarantar kurame ma zai iya kasa gane shi. A nan ana haɗa mutum biyu: kurma da ya iya duka biyun, da mai ji da zai juya wa kotu. Tafinta ya tsaya inda haske ke fuskarsa, yana fuskantar kurman, kuma a cire wa wanda ake tuhuma ankwa, domin da hannun yake magana.

Aikin lauya, da naɗar murya

Lauyan da ya ga wanda yake karewa ba ya bin abin da ake yi, ya miƙe nan take ya nemi tafinta, ya kuma roƙi a rubuta buƙatar a kundi. A shari'ar Gwonto a 1983 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda yake da lauya kuma bai nemi tafinta a kotun farko ba, zai yi wuya ya tayar da maganar a ɗaukaka ƙara. In fassara ce ta karkace, a yi magana kafin a wuce zuwa tambaya ta gaba: a faɗi kalmar da shaida ya furta, a faɗi yadda aka juya ta, alƙali ya sa a maimaita tambayar, ya rubuta kalmar Hausar kanta a kundi kusa da Turancinta. Alƙalin da yake jin harshen zai iya lura da kuskure ya sa a gyara a fili, amma kada ya rubuta fassarar kansa a ɓoye, domin ɓangarorin biyu ba su ji ta ba balle su ƙalubalance ta.

Ƙorafi a kan tafinta ya tafi ofishin Babban Rajistara a rubuce, kwamitin mutum uku ya duba, alƙali da lauya da masanin harshen, hukunci kuma ya tashi daga gargaɗi zuwa sake jarrabawa zuwa cire suna daga rajista. Sai dai kwamitin ba shi da abin dubawa in ba a naɗi murya ba. Ƙaramar rikoda ɗaya a gaban akwatin shaida, inda za ta kama muryar shaida da ta tafinta, ta wadatar. Rajistara ya kunna ta da kiran ƙara, ya faɗi lambar ƙarar da kwanan wata a farkon naɗin, ya kwafe fayil ɗin a kwamfuta a ranar, ya ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban, kuma kada a goge har sai wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ko an gama ta a kotu ta ƙarshe.